Waya ta ce memori ya cika, na goge hotuna, har yanzu jiya-i-yau

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masana waya a taimaka min. Yau kusan sati biyu ke nan wayata kullum sai ta rubuto min wai memori ya cika. Ni kuma da ita nake neman abinci. In na shiga Kwari na ɗauki hotunan atamfa da leshi na ɗora a status, masu so su yi magana. Jiya ina cikin wani shago an warware min wata sabuwar atamfa, na ɗaga waya zan ɗauka, kyamara ta ce ba wuri. Na tsaya ina ta goge-goge a gaban mutane, yaron shagon yana riƙe da bakin atamfar har hannunsa ya gaji. Da na koma gida na zauna na goge hotuna sun fi 600, wallahi ko gezau. Ga sulo, in na taɓa WhatsApp sai na ƙirga goma kafin ya buɗe. Maigidan ya ce na kai Farm Centre, kasuwar waya da ke Tarauni, a yi mata filashin, wato a goge komai a mayar da ita kamar sabuwa. To ni tsorona lambobin kwastomomi da lissafin masu bashi. Giga 32 ce, ta shekara biyu da ɗoriya a hannuna.

Ɗan Hotoro: Wa alaikumus salam. Anti ki shiga Play Store ki sauke irin manhajar nan mai hoton tsintsiya. Danna ɗaya za ki yi ta share miki komai. Ni guda biyu ma gare ni.

Abba Mai Gyara: Hajiya kar ki sauke. Kuma kar ki kawo filashin tukuna, ni da nake faɗa miki a Farm Centre ɗin nake zama, filashin ɗin kuɗi ne a wajena. Amsa min abu biyu. RAM ɗinta nawa? Sannan hotunan da kika goge, kin leƙa kwandon shara?

Maman Ilham: Wane kwandon shara kuma? RAM ɗin na ga an rubuta 2 a jikin kwali.

Abba Mai Gyara: To ga inda gizo yake saƙar. Wayoyin yanzu in kika goge hoto ba fita yake ba, wani ɗaki yake komawa ya zauna, galibi kwana 30, saboda ko za ki yi da-na-sani. A cikin galari ki nemi wajen da aka rubuta Recently deleted ko Trash ko Bin. In kuma Google Photos kike amfani da shi, shi ma yana da nasa. Hotunanki 600 suna nan daram, kin dai kwashe shara daga tsakar gida kin tara a zaure. Sai kin zubar da ta can wuri zai buɗe.

Amma kar ki sa rai da yawa. Hoto ba shi ne mai cin wuri ba. Hoto 600 da ƙyar su wuce giga biyu. Bidiyo ne ɓarawon. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau da kyamarar waya yana iya cin mega 100 ko fiye.

Ɗan Hotoro: Oga Abba ni fa tsintsiyar nan tana min aiki. Jiya ma ta ce ta share giga 1.2.

'Yar BUK: Yau kuma ka sake dannawa ka ga nawa za ta ce. Abin da take sharewa shi ake kira cache, wato 'yan guntattakin da manhaja take ajiyewa a kusa don kar kullum ta je intanet ta ɗauko. Ka share yau, ka buɗe Facebook da TikTok, kafin la'asar sun sake tarawa, kuma da datarka suka tara. Ita tsintsiyar kuma tana zaune a bayan fage tana cin RAM, tana cin caji, tana watso maka talla a kan sikirin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Guda biyu ma ka ce? Allah ya ji ƙan wayar nan.

Ɗan Hotoro: Kai Hajiya 'yar boko, a hankali mana.

Baffa na Fagge: Ni dattijo ne, ku yi min bayani dalla-dalla. Wannan RAM da kuke ta kira, da memori, ba abu ɗaya ba ne? Yaron da ya sayar min da tawa ya ce min 128 ce, shi ke nan abin da na sani.

'Yar BUK: Baffa ina wuni. Tunda a Kwari aka fara maganar, mu tsaya a can. Ɗan kasuwa yana da sito, yana da kan kanta inda yake baje wa mai saye kaya. Sito shi ne memori, inda hoto da bidiyo da manhajoji suke kwana. Kan kanta shi ne RAM, inda waya take shimfiɗa abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu. Naka 128 ɗin sito ne. Mai ƙaramin kanta ko da sitonsa ya kai girman filin Sani Abacha, turmi biyu uku zai iya bajewa a lokaci ɗaya, in an ce a kawo wani sai ya naɗe na farko. Shi ya sa mai RAM 2 in ya fita daga WhatsApp ya shiga manhajar banki ya dawo, sai ya ga WhatsApp ɗin yana buɗewa daga farko.

Anti Maman Ilham kuma cuta biyu ce ta haɗe mata. Kantarta ƙarama, sitonta ya cika maƙil. Kuma cikar siton ma tana jawo sulo. Irin memorin da ke cikin waya ba ya rubutu a kan tsohon rubutu kai tsaye, sai ya kwashe abin da ke wurin ya kai wani gurbi, ya share, sannan ya rubuta sabo. In akwai fili, nan da nan ne. In babu, kamar ɗan dako ne ya shigo da dila sito ya cika, sai an fito da wancan an matsar da wannan kafin a samu inda za a ajiye. Don haka ake so kullum a bar wa waya fili, ko da giga uku ko huɗu ne a irin tata.

Baffa na Fagge: Madalla. Allah ya yi miki albarka, yanzu na gane. Ashe sito na saya ban tambayi kanta ba.

Abba Mai Gyara: Ta faɗi gaskiya. Na ƙara da cewa 32 ɗin ma ba duka ne naki ba. Android ɗin kansa da manhajojin da aka zo da su sun riga sun cinye wani kaso tun tana cikin kwali.

Yanzu Hajiya ga aikin da za ki yi. Buɗe WhatsApp, Settings, Storage and data, sai Manage storage. A sama zai nuna miki giga nawa WhatsApp kaɗai ya riƙe. A ƙasa akwai Larger than 5 MB, akwai Forwarded many times, sannan ya jero miki hirarraki daga wadda ta fi nauyi. Ki duba ki faɗa mana.

Maman Ilham: Innalillahi. Giga 14 da ɗigo 3. Guruf ɗin bikin ƙanwar maigidana kaɗai giga 3 ne, bikin da aka yi tun kafin azumin bara. Kamu, yini, dina, kowa da ya ɗauka sai ya turo. Ga na makarantar su Ilham, ga na Islamiyya, ga na 'yan ajinmu na sakandare da ban taɓa magana a ciki ba.

Baffa na Fagge: Ai wannan ciwon na kowa ne. Ni duk Juma'a sai an turo min hoton fure da masallaci ya fi sau talatin. Kowa Juma'at Mubarak. In azumi ya zo kuma tafsiri ne, na awa ɗaya da rabi, mutum biyar su turo abu ɗaya. Ba na ƙin alheri, amma ni a rediyo nake saurara.

Abba Mai Gyara: Baffa maganinsa a wuri ɗaya yake. A nan Storage and data ɗin akwai Media auto-download. Ka shiga na data, ka shiga na Wi-Fi, ka cire alamar da ke kan hoto da sauti da bidiyo da takardu. Daga nan ba abin da zai sauka sai wanda ka taɓa da hannunka. Saƙon murya ne kawai zai ci gaba da sauka da kansa, shi kuma ba shi da nauyi sosai. Datarka ma za ka ga ta fara kai maka ƙarshen wata.

Hajiya ke kuma tunda sana'a kike, akwai wani ɓoyayyen wuri. Duk hoto ko bidiyon da kika tura wa kwastoma, WhatsApp yana ajiye nasa kwafin a wata folda mai suna Sent, kuma ba ta fitowa a galari. A wayoyin Android 11 zuwa sama tana cikin Android, media, com.whatsapp. Masu sayar da kaya a waya in na buɗe musu wannan foldar salati suke yi. Sai dai ki sani, in kika goge na can, hoton da ke cikin hirar zai dushe, ba zai ƙara buɗewa ba. In akwai rasit ɗin tiransifa da kike ji da shi, ki ware shi tukuna.

Ummu Sudais: Don Allah ku tsaya na faɗi nawa kafin ta ci gaba da gogewa. Shekara biyu da suka wuce tawa ta yi irin wannan. Wani yaro a unguwarmu ya ce ya iya, ya karɓa. Ya shiga wajen manhajoji, maimakon Clear cache ya danna Clear data a kan WhatsApp. Ya miƙo min yana murna wuri ya samu. Na buɗe na ga yana tambayata lambar waya kamar yau na saye ta. Aka yi ta ƙoƙarin dawo da hirarrakin, wajen kiciniyar ya cire WhatsApp ɗin gaba ɗaya ya sake saukewa, komai ya tafi. Akwai saƙonnin muryar mahaifiyata a ciki, ita kuma ta rasu watanni kaɗan kafin nan. Kullum da safe takan turo min, "Kin tashi lafiya? Ya yaran?" Abin da bai wuce daƙiƙa goma ba. Da na san ana iya kwafe su da na kwafe. Ba na ganin laifin yaron sosai, taimako ya yi niyya. Amma har yau in na tuna sai na ji wani iri.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah ya ji ƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Baffa na Fagge: Allah ya gafarta mata, ya kai haske kabarinta.

'Yar BUK: Amin. Anti Ummu Sudais kin kawo abin da ya kamata a fara da shi. Maɓallan nan biyu maƙwabtan juna ne, a wasu wayoyin ma na biyun Clear storage aka rubuta, sai mutum ya zaci shi ne maganin cikar memori. Cache sharar bakin ƙofa ce. Data kuwa kayan ɗakin ne gaba ɗaya.

Anti Maman Ilham kafin ki ƙara taɓa komai, ki tabbatar lambobinki a asusun Gmail suke, ba a kan wayar ko layi ba. Sannan ki shiga Chats, Chat backup, ki danna ya kwafe hirarrakin zuwa Google. Ki kashe Include videos, in ba haka ba datarki za ta ƙare bai gama ba. Google giga 15 yake ba kowa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Da can ajiyar WhatsApp ba a lissafa ta a ciki, amma daga farkon 2024 ana lissafawa. Shi ya sa wasu suke ganin saƙon wai asusunsu ya cika, su zaci wayar ce, alhali wani sito ne daban.

Sarkin Yaƙin iPhone: Duk wannan wahalar ta mutanen Android ce. Ku dawo gidan manya ku huta.

Abba Mai Gyara: Ranka ya daɗe, jiya ma mutum biyu 'yan gidan manyan suka zo min da mai giga 64 ta cika. Ku iCloud giga 5 kacal yake ba ku kyauta, kuma ba ku da ramin sa memori. Abin da kuke da shi mai kyau shi ne Offload App, ka cire manhaja bayananka su zauna. Wannan na yarda.

Sarkin Yaƙin iPhone: To ka dai yarda da ɗaya.

Ɗan Hotoro: Ni dai a ganina duk an tsawaita. Ta sayi memori mai giga 64 ta saka, magana ta ƙare. Akwai masu araha wajen masu baro.

Malam na Ɗorayi: Ƙanina araha ba ta ado. Ni na saya a bakin titi, an rubuta 64 a jiki, waya ma ta nuna 64. Na kwashe karatuttuka da hotunan sunan ɗana na zuba. Na farko-farko suna buɗewa. Na baya kuwa sunayensu na nan, ka taɓa ya ce fayil ya lalace. Ashe ainihinsa bai wuce giga 8 ba, an yi masa dabara ne ya riƙa faɗar ƙarya. Ga shi na riga na goge na kan wayar.

Abba Mai Gyara: Wannan muna gani kullum. Hanyar gane shi ita ce a cika shi taf a sake karantawa. Akwai manhajar kwamfuta mai suna H2testw, aikinta ke nan. Duk shagon da ya san kayansa na gaske ne ba zai ƙi a gwada ba. Ki nemi mai alamar A1 ko lamba 10 a cikin da'ira. Kuma in waya ta tambaye ki yadda za ta yi amfani da shi, ki zaɓi na ajiya mai cirewa. In kika ce ya zama memorin cikin waya, za ta kulle shi da mabuɗinta, ranar da wayar ta mutu ba wata na'urar da za ta karanta shi. Ni na fi son filas, wato flash drive, mai bakin da ke shiga waya, ko a kai kwamfuta a juye sau ɗaya a wata. Abin da kike ji da shi ya zama yana wuri biyu.

Malam na Ɗorayi: Abba amma ni ban yarda da kai a kan filashin ba. Tawa da aka yi mata ta dawo kamar sabuwa.

Abba Mai Gyara: Malam ban ce ba ya aiki ba. Ya yi wata nawa tana gudun?

Malam na Ɗorayi: To, kamar uku.

Abba Mai Gyara: Saboda ka koma gurufan da kake, ka mayar da manhajojin da ka cire. Filashin yana da ranarsa: waya ta kamu da manhajar da ke watso talla ta ƙi fita, ko tana kashe kanta tana kunnawa. Amma a ce don memori ya cika a rushe gida gaba ɗaya? Sannan ga abin da ba a faɗa wa mutane. Bayan an goge waya takan nemi Gmail ɗin da ke kanta da lambar sirrinsa. Rabin masu zuwa wajena a shagon da suka sayi wayar aka buɗe musu, ba su san sunan ba balle lambar sirri. Sai aikin minti ashirin ya koma na yini guda.

Maman Ilham: Wallahi ni ma ƙanina ne ya buɗe min. Bari na kira shi.

'Yar BUK: Yaya Abba ka manta zafi. Daga Maris zuwa Mayu a garin nan rana tana haura digiri 40. Waya in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ga ta a cikin kauri-kaurin kwaba, ga caji a jiki, ga mutum yana kallon TikTok a Adaidaita. Dole ta yi nauyi ko da memorin wayam yake. In ta yi zafi a cire kwabar, a ajiye ta a inuwa. Kuma don Allah a riƙa kashe waya a kunna ko sau ɗaya a sati, wasu tun ranar da suka saya sai dai caji ya ƙare.

Abba Mai Gyara: Haka ne. In kuma kuka ga bayan waya ya fara tasowa kamar burodi, batir ne ya kumbura, a daina caji a kawo. Wannan ba maganar sulo ba ce.

Ɗan Hotoro: To ni tawa kwalin ya ce RAM 8, 4 da 4. Ina ganin na fi ƙarfin wannan matsalar.

'Yar BUK: Huɗu gare ka. Ɗaya huɗun aro ne daga memori, Tecno suna kiransa Memory Fusion, Samsung RAM Plus. An share wani lungu a sito an ce shi ma kanta ne. Yana ɗan taimakawa wajen riƙe manhajoji a buɗe, amma bai kai RAM na gaske sauri ba, kuma daga sitonka aka yanka. Mai giga 32 da ke kukan wuri ma gara ya kashe shi in wayarsa tana da shi.

Ɗan Hotoro: Yau dai ni kika sa a gaba. Na cire tsintsiya ɗaya.

'Yar BUK: Saura ɗaya.

Maman Ilham: Jama'a na dawo. Tun bayan magariba nake abu ɗaya, tuwo ma Ilham ce ta kwashe. Na samu ƙanina ya ba ni lambar sirrin, na rubuta a bayan littafin bashi. Lambobi na nan a Gmail, na kwafe hirarraki. Na zubar da kwandon shara, na share bidiyon bikin na bar guda huɗu da nake ciki. Sai na tarar da foldar Xender, finafinai ne cike da yara suka tura ban sani ba, giga 2 da rabi. Yanzu wai ina da giga 11 a buɗe. Kyamara tana ɗauka. Ta rage nauyi sosai, amma Facebook har yanzu sai ya yi tunani kafin ya buɗe.

Abba Mai Gyara: Wannan kuma ƙaramar kantar ce, RAM 2 ba a ƙara shi. Ki cire babban Facebook ki sa Facebook Lite, don irin wayarki aka yi shi. Manhajar da kika yi wata biyu ba ki buɗe ba ki sallame ta. Za ta kai ki wani lokaci. Ranar da Allah ya hore canji, kar ki sayi ƙasa da RAM 4 na gaske da memori 128, tunda kasuwarki a ciki take.

Maman Ilham: In sha Allahu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na hutar da kuɗin Adaidaita zuwa Tarauni.

Abba Mai Gyara: Amin Hajiya. Ni kuma na yi asarar kwastoma da bakina.

Baffa na Fagge: Ni saura tambaya ɗaya. Akwai wani guruf da nake son fita tun bara, shi ya fi kowanne turo kaya. Amma ina jin nauyin a ga an rubuta Baffa ya fita.

'Yar BUK: Baffa ai tun 2022 aka gyara wannan. Yanzu in ka fita ba a shelanta wa kowa, admin kaɗai ake sanar wa.

Baffa na Fagge: To ai admin ɗin surukina ne.

Abba Mai Gyara: Baffa kashe auto-download ka yi zamanka.